A Bar Su Su Yi Gardamar Ƙwallo, Amma A Sayo Littafi

Malam Edita, ina roƙo ka ɗan ba ni fili a shafinmu na Hausa in faɗi ra'ayina game da wata magana da ta taso a taron malamai na watan jiya, har ta fito waje ta shiga bakin ɗalibai. Maganar kuwa ta ɗakin talabijin ce. Waɗansu abokan aikina sun kawo shawara a riƙa kulle shi ran Asabar da ran Lahadi da dare, wai gardamar ƙwallo ta yi yawa, ta hana karatu, ta hana barci, har ran nan an karya kujera. Ni ban goyi bayan wannan shawara ba. A wurin taron ban sami damar kawo dalilaina duka ba, don rana ta yi, kowa ya ƙosa a tashi. To, ga su nan a rubuce. Wanda ya ga inda na kauce, sai ya ba ni amsa a fitowa ta gaba.

Da fari dai, kujera an karya ta, wannan ba ƙarya ba ne. Gidana ba nisa da ɗakin, kuma ba na bukatar rediyo kafin in san an ci Arsenal. Abin kuwa ba a kwalejinmu kaɗai ya tsaya ba. Duk wanda ya bi ta Terminus, ko Farar Gada, ko Gangare, ko ya gangara Bukuru da dare, zai tarar da samari sun kewaye teburin mai shayi, sanyin Disamba yana kaɗa su, su kuwa gumi su ke yi saboda musu. In watan Janairu ya kama, ko tsakiyar damina, lokacin da a ke buɗe kasuwar 'yan wasa a Turai, sai abin ya zama kamar an yi gobara. Na taɓa jin wani yaro, wanda na san mai shayi yana bin sa bashin kofi uku, yana rantsuwa wai ɗan wasan da aka saya fam miliyan 80 an same shi da araha.

Duk da haka na ce a bar su. Babban dalilina kuwa daga ajina na samo shi, don ni malamin lissafi ne.

Akwai wani ɗalibi a aji biyu, ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. In na sa rabawa mai ɗigo a allo, sai ya sunkuyar da kai kamar an yi masa rasuwa. Wata Asabar na shiga ɗakin talabijin neman wani, sai na tarar da shi tsaye bisa benci, ya tsare mutum wajen goma da gardama a kan gasar lig ta Nijeriya ta 2019/20. Masu karatu za su tuna cutar korona ta tsai da gasar nan a watan Maris na 2020, ba a ƙarasa ta ba. Da aka tsaya, Plateau United ce a sama, da maki 49 cikin wasa 25. Rivers United tana da maki 45 cikin wasa 25. Enyimba kuwa maki 36 gare ta, amma wasa 20 kaɗai ta buga, don tana can tana fama da gasar Afirka. Masu shirya gasar suka ce tun da yawan wasannin bai zo daidai ba, a raba makin kowa da yawan wasan da ya buga. Plateau ta tashi da 1.96. Rivers ta tashi da 1.8. Enyimba ita ma 1.8, ba ragi ba ƙari. Aka ba Enyimba ta biyu, watau ita za ta bi Plateau zuwa babbar gasar zakarun Afirka, mutanen Fatakwal suka yi ta ƙorafi. Kofi kuwa ba a ba kowa ba.

Yaron nan da ka ya kawo lambobin nan duka, ya raba su da ka, bai taɓa takarda ba. Wani ɗan aji uku ya tare shi, ya ce, "Kai dakata! Wasa biyar Enyimba ta ke bin bashi. In ta ci su duka, 36 a tara da 15, nawa ke nan? 51. Ina 49 ɗinku?" Namu bai ko yi jinkiri ba, ya ce, "Ƙungiyar da ke samun maki 1.8 a wasa, wa ya ce maka za ta sami 3 sau biyar a jere? Biyar sau 1.8 tara ne. Ba ta 45, ta je ta zauna kusa da Rivers."

Na tsaya bakin ƙofa na riƙe baki. Jama'a, abin da yaran nan biyu suka yi cikin daƙiƙa talatin shi ne darasin da na ke shan wahalar koyarwa mako biyu: mene ne matsakaici, me ya ke iya gaya maka, me kuma ba ya iyawa. Ɗaya ya nuna abin da zai yiwu, ɗaya ya nuna abin da ya fi kusa da yiwuwa, kuma kowannensu yana da gaskiya a inda ya tsaya. Ran Litinin na shiga aji na rubuta 49 da 25 a allo, ban ce kome ba. Hannu ya fi ashirin a sama. Tun ran nan na gane yaron ba rabawa ya ke tsoro ba, buhunan masarar da ke cikin littafinmu ne ba su dame shi ba. Ku kuwa da za ku fita ku riƙe aji shekara mai zuwa, ku san irinsa suna nan jibge a kowace firamare, daga Nasarawa Gwom har ƙauyukan bayan dutse. Malamin da ya raina abin da yara ke gardama a kai ya yar da makullin ajinsa.

Kada fa a ɗauka na ce duk abin da a ke faɗa a ɗakin nan ilmi ne. Rabi ihu ne. Sauran rabin ma akwai gyara, don yaranmu sun ɗauki lamba kamar hukuncin alƙali, da an kawo ta magana ta ƙare. Lamba kuwa shaida ce, shaida kuma sai an yi mata tambayoyi.

Ga misali daga ɗan garin nan. An haifi John Mikel Obi a Jos a 1987, ya taɓa ƙwallo a Plateau United yana yaro kafin ya tafi Lyn ta ƙasar Norway. Ya yi shekara goma da rabi a Chelsea, daga 2006 zuwa farkon 2017, ya buga mata wasa 372, ya ci ƙwallo 6. A gasar lig ta Ingila ƙwallo ɗaya tak ya ci. In ka raba, sai ya yi wasa 62 kafin ya ga raga sau ɗaya. Duk sa'ad da sunansa ya fito, masu goyon bayan Manchester United a ɗakin nan sai su ɗaga yatsa shida su fashe da dariya. Lambar gaskiya ce. Amma aikin da aka ɗauke shi ya yi ke nan? An ajiye shi ne gaban 'yan baya, ya tare, ya ƙwace, ya miƙa wa na kusa. Koci bayan koci sun zo Chelsea sun tafi, su Mourinho, da Hiddink, da Ancelotti, da Di Matteo, da Benítez, kowa ya zo sai ya sa shi. Daren da Chelsea ta ci kofin zakarun Turai a Munich a 2012, yana cikin fili tun daga busar farko har ta ƙarshe. Wanda ya auna Mikel da yawan ƙwallo, kamar wanda ya auna mai gadin kwaleji ne da yawan darussan da ya koyar.

Wannan lamba ce ta gaskiya da aka yi wa mummunar fahimta. Akwai kuma wadda ita kanta ƙarya ce, kuma abin kunya, da sunanmu a ciki. A watan Yuli na 2013 aka yi wasannin neman hawa rukuni a Bauchi. Ƙungiyoyi biyu suka zo daidai a maki, watau Plateau United Feeders da Police Machine, saboda haka yawan ƙwallo ne zai raba su a wasan ƙarshe. Aka tafi hutun rabin lokaci Feeders tana cin Akurba 7 da babu, Police Machine tana cin Bubayaro 6 da babu. Da aka tashi, Feeders ta ci 79 da babu, Police Machine ta ci 67 da babu. Ku ɗauki fensir. Ƙwallo 72 cikin minti 45, watau ƙwallo ɗaya kowace daƙiƙa 37 da rabi, har da ɗauko ta daga raga, da kai ta tsakiya, da busa. Ko fili ba kowa sai kai kaɗai, sai ka yi da gaske. Labarin ya zaga duniya, aka yi mana dariya har a jaridun ƙasashen da ba su san inda Bauchi ta ke ba. Hukumar ƙwallo ta ƙasa ta kori 'yan wasan da jami'an har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma. Abin lura a nan, ba ɗan sanda ne ya fara kama su ba, rabawa ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ga wanda ya iya raba 2,700 da 72.

Sai maganar duba, watau faɗin wanda zai ci kofi tun ba a fara ba, da ɗan wasan da zai yi albarka a sabuwar ƙungiya. A nan ne muryoyi suka fi tashi, a nan ne kuma aka fi jin kunya. A watan Yuli na 2016 Leicester ta sayi Ahmed Musa daga CSKA ta Mosko, jaridu suka ce kuɗin ya kai wajen fam miliyan 16. Wata bai cika ba ya ci Barcelona ƙwallo biyu a wasan sada zumunta. Daren nan Jos ba a yi barci da wuri ba, ni ma ina cikin waɗanda suka ce Ingila ta shiga uku. Ƙwallo biyu kacal ya ci wa Leicester a lig, a Janairun 2018 aka mai da shi Mosko aro. Masu cewa ya ƙare suka sami baki. Wata biyar bayan haka ya ci Iceland biyu a gasar cin kofin duniya, suka yi tsit. Ita kanta Leicester, kafin ta ɗauki kofin Ingila na 2016, masu caca na can 5,000 a kan 1 suka sa cewa ba za ta ɗauka ba. Plateau United kuwa da ta ɗauki lig a 2017, ba ta fi shekara biyu da dawowa babban rukuni ba, kuma ban ji wanda ya yi mata duban haka a teburin shayi ba.

Tun da na ambaci caca, bari in ɗan ratse. Na san akwai masu zamewa daga ɗakin talabijin su danna waya su zuba kuɗin abincinsu. Wannan ba gardama ba ce, kuma ba ita na ke karewa ba. In akwai abin da ya kamata taron malamai ya zauna a kansa, wannan ne, ba kujera ba. Kulle ɗaki kuwa ba ya kulle waya. Gara su zauna inda mu ke jin su.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wani dare na sa baki cikin gardamar. Suna ta lissafa kuɗin da Chelsea ta kashe tun zuwan mai kuɗin nan ɗan Rasha a 2003, ɗan wasa bayan ɗan wasa, ba su yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ce, "Madalla. To, wace ƙungiya ce ta fara cin gasar lig ta ƙasar nan?" Wani ya ce Enyimba. Wani ya ce Rangers. Wani ya ce, "Malam, ai sai mu duba waya." Mutum fiye da arba'in a ɗakin, yawancinsu haifaffun Filato, ba wanda ya san Mighty Jets ta Jos ce, a 1972.

Haba jama'a! Ƙungiyar da Alhaji Isyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, ƙungiyar su Sam Garba Okoye, da Ismaila Mabo, da 'yan gidan Atuegbu. A shekarar nan ta 1972 suka kai wasan ƙarshe na kofin Challenge, suka yi 2 da 2 da Bendel Insurance a Ikko, aka sake bugawa a Ibadan, Bendel ta ci 3 da 2. A 1974 suka sake kaiwa, Rangers ta hana su. Tsofaffin garin nan har gobe in an taɓo musu zancen sai ka ga ransu ya ɓaci kamar jiya aka yi. Kofin nan ya daɗe yana yi wa Jos gwalo. Ko a 1998 Plateau United ta kai ƙarshe, maƙwabtanmu Wikki ta Bauchi suka ƙwace a bugun fenariti. Sai a 1999 ta ci Iwuanyanwu Nationale 1 da babu ta kawo shi gida. Lig kuwa sai da aka jira shekara 45 bayan Jets, har watan Satumba na 2017, da Plateau United ta ci Rangers 2 da babu a filin Rwang Pam, Kennedy Boboye yana koci. Shi Ismaila Mabo, wanda ya rasu a 2023, shi ne ya kai ƙungiyar mata ta Nijeriya zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a gasar duniya ta 1999. Duk wannan abin gardama ne mai daɗi, wanda zai kai mutum asuba. Amma yaranmu sun fi sanin wanda ke zaman benci a Landan.

Ban ga laifinsu sosai ba. Mutum da abin da ya samu ya ke gardama. Bature ya rubuta kome: wa ya buga, minti nawa, ƙwallo nawa ya miƙa, nawa ta ɓace, har nisan gudun da ya yi. Yaro ya danna waya ya gani. Namu kuwa yawanci a bakin tsofaffi ya ke, tsofaffin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Rashin rubutun nan ba tarihi kaɗai ya ke ci mana ba, har da kuɗi. Kowa a garin nan ya san labarin kuza. An haƙa, an wanke, an loda a jirgin ƙasa an kai teku, aka bar mana tafkuna a Bukuru da Barikin Ladi. Kakanninmu su suka yi haƙa da dako, amma sikeli da littafi suna hannun mai saye. To, ku dubi ƙwallo. Ƙungiyar Nijeriya da ta ci kofin Afirka a 2013, Mikel da Ogenyi Onazi da Ahmed Musa duk suna ciki, duk kuwa haifaffun Jos ne. Musa ya fito daga makarantar ƙwallo ta GBS, ya bi ta JUTH, ya je Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/10, ya wuce 17 da Ishaya Jatau ya ajiye tun 1990, sa'an nan ya tafi VVV-Venlo ta Holan. Moses Simon shi ma ɗan GBS ne, ya bi ta Trenčín ta Slovakia ya isa Gent ta Beljiyam a 2015. Ƙasar nan tana fid da 'yan wasa kamar yadda ta fid da kuza.

Ku dubi cinikin Mikel. A 2005 Manchester United ta ce ta saye shi daga Lyn, har aka ɗauki hotonsa da rigarta. Chelsea ta ce ba ta yarda ba, nata ne. Aka yi shekara guda ana ja. A 2006 aka shirya: Chelsea ta biya fam miliyan 16, United ta karɓi 12, Lyn ta karɓi 4. United fa ko minti ɗaya bai buga mata ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Me ya ba ta miliyan 12? Takarda mai sa hannu. Daga baya ma kotun Norway ta sami wani babban jami'in Lyn da laifin yin takardun jabu a kan yaron. Tun daga farkon rigimar har ƙarshenta, ba ƙafar Mikel a ke jayayya a kai ba, wa ke riƙe da wace takarda ne.

Akwai wata doka ta FIFA da ya kamata kowane malamin wasanni ya sani. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana shekara 12 har 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da rabin kashi ɗaya. In ciniki ya kai fam miliyan 16, abin rabawa fam 800,000 ke nan, kuma duk sa'ad da aka sake sayar da shi ƙetare sai a sake warewa. A 2022 FIFA ta buɗe ofis musamman a Faris don biyan irin waɗannan kuɗi. Amma ba a biya da rantsuwa. Sai ƙungiyar tana da rajista da hukuma, sai kuma sunan yaron yana rubuce a ƙarƙashinta, daga rana kaza zuwa rana kaza. Kocin unguwa da ya yi shekara huɗu yana saya wa yaro takalmi da ruwan leda, in bai rubuta ba, a idon doka bai taɓa ganin yaron ba. Na tambayi masu gardamar nan, su da suka san kuɗin kowane ciniki, ko sun taɓa jin wannan kashi 5. Ba wanda ya taɓa ji.

Wani zai ce, "Malam, makaranta ai ba ƙungiya ba ce, ba wanda zai aiko wa firamare da fam." Gaskiya ne. Amma akwai lamba ɗaya da duk takardun nan ke tsaye a kanta, watau ranar haihuwa, ita kuwa sau da yawa a rajistar aji ɗaya a ke fara rubuta ta, da hannun malami irinku. Ƙasar nan ta sha kunya a kanta. A 1989 FIFA ta hana mu shiga gasannin matasa shekara biyu, saboda ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasanmu na gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya, har muka rasa karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2016 kuma, muna riƙe da kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17, aka ɗauki hoton ƙashin wuyan hannun yaranmu, 26 suka faɗi gwajin, Nijar ta fid da mu tun a wasan share fage.

A nan ba zan nuna kowa da yatsa ba sai kaina. Shekarar da na fara koyarwa, a wata makaranta da ba zan ambata ba, wani mai horad da yara ya zo mini da takarda, ya ce in taimaka in sa hannu. Za a yi gasar 'yan ƙasa da shekara 13, akwai wani yaro gwani a ajina, shekararsa 15. Ya ce, "Malam, taimako ne, kowa haka ya ke yi." Na duba rajista na ga gurbin ranar haihuwa ba kome a ciki, ba na yaron kaɗai ba, na rabin ajin. Na ce a raina ai ban goge kome ba. Na rubuta abin da ya ce, na sa hannu. Muka ci kofin, aka yi ta tafi. Amma akwai wani ɗan ƙaramin yaro, mai shekara 12 ta gaskiya, da ke buga wannan gurbi, aka ajiye shi don a sa babban. Da shi a ke fara zuwa fili kullum, shi ke ɗauko ƙwallo daga ofis. Bayan gasar ban sake ganinsa a fili ba. Kofin yanzu ban san inda ya ke ba, amma fuskar yaron nan a bakin layi, riƙe da takalman wani, ba ta bar ni ba.

Saboda haka ga abin da na ke roƙon Shugaban Kwaleji da abokan aikina. A bar ɗakin talabijin a buɗe. Kujera, waɗanda suka karya su biya, na ji ma an san ko magoya bayan wa ne. Amma a sa wa masu gardama sharaɗi, tun da suna son lamba, su fara samar da tamu. Muna gasar gidaje kowace shekara a kwalejin nan. Na nemi sakamakon ta shekara uku da suka wuce, na tambayi mutum biyar, na sami zakaru uku. Kwalejin da ke koya wa mutane riƙon rajista ke nan! A sami babban littafi guda, a riƙa rubuta kowane wasa: rana, da sunayen waɗanda suka buga, da wanda ya ci, da mintin da ya ci, da sunan alƙalin wasa, kyaftin biyu su sa hannu kafin a bar fili. Ɗaliban lissafi su riƙa karɓa bi da bi, in ba su maki a kai. Ran Asabar, kafin a kunna talabijin, a karanta na makon. Na tabbata wata biyu ba za su cika ba sai an fara gardama a kan ɗan gaban gidanku da na gidansu, da lamba a hannu, kuma wannan karon wanda a ke magana a kansa yana zaune a ɗakin yana ji.

In ya yiwu kuma, sau ɗaya a zango a ba da mota a kai masu so filin wasa na hanyar Zariya su ga Plateau United da idonsu, kowa da takarda da fensir. Ɗaliban Hausa su ma ga aiki: akwai dattawa a garin nan da suka ga Sam Garba da ƙwallo a ƙafa. A je a gaishe su, a zauna, a rubuto abin da suka gani, Malam Edita ya buga mana a wannan shafi.

Littafin dai na riga na saya da kuɗina a wani shago wajen Terminus, mai baƙin bango, na ja masa layuka. Yana ofishin malamin wasanni. Na so in fara da wasan Larabar da ta wuce, amma 'yan gida ɗaya sun ce 2 da 1 aka tashi, 'yan ɗaya gidan sun ce 2 da 2, alƙalin wasa kuwa ya ce duhu ya fara, bai ga ta ƙarshen sosai ba. Na bar shafin farko ba rubutu. Wasa na gaba ran Laraba ne da ƙarfe huɗu. Ina neman mutum biyu su zauna da ni a bakin layi, ɗaya ya zo da agogo.